Yadda BBC ta gina iPlayer, da abin da ya riƙe mata ƙafa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Mu nan da an ce BBC rediyo ke faɗo mana a rai, tunda Sashen Hausa yana watsa shirye-shirye tun 1957. A Birtaniya kuwa talabijin ne babban aikinta. Yau zan yi magana ne a kan iPlayer, dandalin da ta gina a intanet domin wanda shiri ya wuce shi ya je ya kalla a lokacin da ya ga dama.

A 2005 aka fara gwaji da mutum 5,000, da wata manhaja mai suna iMP. Hukumar da ke sa ido kan gidan a wancan lokaci, BBC Trust, ba ta ba da izini ba sai Afrilun 2007, aka buɗe wa jama'a a matsayin gwaji ranar 27 ga Yuli. Kafin nan ma tashar talabijin ta Channel 4 ta riga su fitowa da nata dandalin, 4oD, a ƙarshen 2006.

Ina so ku ga yadda abin yake a farkon nan. Ka dawo daga aiki kana son shirin jiya. Dole kwamfutarka ta kasance mai Windows XP. Ka saka manhajarsu, ka fara sauke shirin gaba ɗayansa, ka zauna zaman jira. Kana nan zaune, kwamfutar taka tana tura gutsattsarin shirin ga wasu masu saukewa, da datar da kai ka biya. Ya gama sauka kuma a kulle yake: da ka fara kallo, bayan kwana 7 ba zai sake buɗuwa ba. Masu Mac da Linux kuwa ko oho, alhali su ma suna biyan kuɗin lasisin talabijin da BBC ke rayuwa da shi. Dubbansu suka sa hannu a takardar koke ga gwamnati, kuma da gaskiyarsu.

A Satumban 2007 aka ɗauko Anthony Rose. Abin dariya, daga Kazaa ya fito, manhajar musayar waƙoƙin da kamfanonin kiɗa suka yi ta makawa a kotu. A hannunsa aka koma tsarin da za ka buɗe shafi, ka latsa hoton shiri, nan take ya fara. Ba saukewa, ba jira. Da wannan aka ƙaddamar da dandalin a hukumance ranar Kirsimetin 2007, kuma nan da nan masu kallo a shafin suka fi masu saukewa nesa ba kusa ba. A 2008 ya hau iPhone da na'urar wasa ta Wii. Kamfanonin da ke sayar da intanet irin su Tiscali suka fara kuka, wai layukansu ne ke ɗaukar kayan, BBC na shan yabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

To, matsalar fasaha an kawar da ita cikin watanni. Wadda ta ɗauki shekaru ita ce ta doka da haƙƙin mallaka, kuma a ganina ita ce ainihin labarin. A lokacin, shiri ba ya wuce kwana 7 a dandalin. Me ya sa? Yawancin shirye-shiryen akwai masu haƙƙi a kansu: kamfanonin da suka shirya, marubuta, 'yan wasa. Suna son sayar da faifan DVD, su kuma sayar wa wasu tashoshi. Tashoshin kasuwa su ma tsoro suke ji kada gidan da ba ya sa talla ya kwashe musu masu kallo.

BBC da tashoshin ITV da Channel 4 sun so haɗa kai su buɗe rumbu guda na tsofaffin shirye-shiryensu, aikin da aka kira Kangaroo. A Fabrairun 2009 hukumar kula da gasar kasuwanci ta hana, ta ce za su mamaye kasuwa. Shekara uku bayan haka, a Janairun 2012, Netflix ya shigo Birtaniya daga Amurka ya tarar da fili fetal. Ni dai ina ganin hukumar nan ta tsare ƙofar gaba ne ta manta da ta baya. Sai a 2014 aka ƙara wa'adin iPlayer zuwa kwana 30, sannan a 2019 Ofcom, hukumar da ke kula da kafofin watsa labarai a Birtaniya, ta yarda shiri ya kai wata 12. Kafin nan matasa da yawa sun riga sun saba da wani wurin.

Akwai kuma wata kafa da aka daɗe ba a toshe ba. Tsohuwar doka ta wajabta lasisi ne ga mai kallon shiri lokacin da ake watsa shi, saboda haka mai kallo daga baya kyauta yake sha. Sai ranar 1 ga Satumban 2016 aka gyara.

Na san wani zai tambaya me ya sa dandalin ba ya buɗuwa a Kano ko Maraɗi. Haƙƙin nunawar da BBC ke saya na cikin Birtaniya ne kawai, kuma da adireshin intanet ɗinka suke gane ƙasar da kake. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirufo.