Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Lambun Gida Da Ba Ya Cin Rai

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau wasiƙu sun yi tuli, kuma yawancinsu magana ɗaya suke yi: ɗan filin da ya rage bayan an gama gini, yaya za a ƙawata shi ba tare da mutum ya koma bawansa ba. Masanin tsara lambu yana tare da mu. Malam, sannu da zuwa. Lokacin kaɗan ne, in na katse ka ka yafe ni tun yanzu.

Baƙo: Yawwa, sannunmu. Ai na saba da katsewarka.

Mai gabatarwa: To madalla. Wani bawan Allah yana tambaya, gaskiya ne sai an zuba tsakuwa a gindin tukunyar fure kafin a sa ƙasa?

Baƙo: A'a. Tsakuwar ba ta fitar da ruwa, sai ma ta sa ya tsaya kusa da saiwa. Ya huda gindin tukunyar, shi ke nan.

Mai gabatarwa: Ka ji, malam, huda. Sai wasiƙar da nake so mu daɗe a kanta, domin na ƙirga guda tara masu irin kukanta. Wata Hajiya ta ce filinta mita 4 ne a mita 5. Ta shimfiɗe shi da ciyawar ado, ta kewaye da furanni iri-iri, duk wanda ta gani ya burge ta sai ta saya. Ita da maigida duk suna fita aiki. Wata uku ba a yi ba ciyawa ta ƙone, rabin furen ya mutu. Yanzu tana son lambun da ba ya bukatar kulawa ko kaɗan. Haba Hajiya, ko kaɗan fa kika ce? Banza ai ba ta kai zomo kasuwa.

Baƙo: Kada ka matsa mata, ba ita kaɗai ba ce. Hajiya, abin da ya cinye miki ƙarfi ita ce ciyawar nan. Bari mu yi lissafi. Ciyawar ado, lokacin da babu ruwan sama, tana son kamar milimita 25 na ruwa kowane mako. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Filinki murabba'in mita 20 ne. Kin ga lita 500 a mako.

Mai gabatarwa: Tsaya, Malam. Lita nawa?

Baƙo: Lita 500.

Mai gabatarwa: Masu sauraro kun ji, lita 500, duk mako, a kan ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba.

Baƙo: Ban da aski. In tana girma sosai kusan kowane mako sai an yanke ta, kuma ba a so a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, don haka ba dama ki tara aikin sai ƙarshen wata. Matsalar shan ruwan nan ce ta sa a shekarar 1981 hukumar ruwa ta birnin Denba a Amurka ta fito da wani tsari na lambu mai ƙarancin shan ruwa, har suka ƙirƙira masa suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar busasshe. Shi birnin yana gindin manyan duwatsu ne, ruwan samansa kaɗan, kuma in ka duba yadda jama'a suke ta ƙaruwa a can...

Mai gabatarwa: Malam, Hajiya tana tsakar gidanta tana jiranmu, ka kai mu Amurka.

Baƙo: To na dawo. Ta rage ciyawar, ko ta cire ta gaba ɗaya. Ta yi daɓe ko ta jera duwatsu inda ake takawa da inda ake zama, a ɗan karkata shi kamar santimita 2 a kowace mita don ruwa ya guji bangon ɗaki. Kafin ta sake sayen ko fure ɗaya, ta ɗauki yini guda tana kallon filin: ina rana take faɗawa, awa nawa? Wurin da yake samun awa 6 zuwa sama, na masu son rana ne, irin su bogambiliya da lalle. Lungun inuwa kuma a ba wa irin su shukar moɗa, ita ba ruwanta. Sannan kuskuren da na tabbata ta yi: ta haɗa mai ƙishirwa da mai ƙin ruwa a kwami ɗaya. In kin ƙosar da wannan, wancan ya ruɓe. Masu shan ruwa ki tara su wuri guda kusa da famfo, masu haƙuri su tafi can nesa. Kuma iri uku ko huɗu sun isa, ki yi ta maimaita su. Ƙaramin fili in aka cika shi da kala goma sha, hargitsi yake zama.

Mai gabatarwa: Ni ma kwaɗayin nan ya taɓa kama ni, ba zan ɓoye ba.

Baƙo: Abin da ya fi duka kuwa, kada ta bar ƙasa tsirara. Ta lulluɓe ta da busasshen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 8. Laima za ta daɗe, ciyawar banza ba za ta samu hasken tsirowa ba. Amma kada rufin ya taɓa jikin shukar, kuma a janye shi daga jikin bango saboda gara.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa masu wasiƙu taran nan. A rage ciyawa. A kalli rana kafin a sayi fure. A raba masu ƙishirwa da masu haƙuri. A rufe ƙasa, santimita 5 zuwa 8, kada rufin ya taɓa gindin shuka. Daga nan sai barci, Malam?

Baƙo: Ina! Shekarar farko dole a yi ban ruwa, ko da shukar mai jure fari ce, sai saiwa ta kama. A ba ta ta ƙoshi da sassafe, a bar ta kwanaki. Yayyafin kullum yana hana saiwa nutsewa ƙasa. In kana shakka, cusa yatsa. In ka ji danshi, ajiye tiyo.

Mai gabatarwa: Wani matafiyi ya ce jibi zai yi tafiyar sati biyu, me zai yi wa shukokinsa? Jibi! Malam, ba a fafe gora ranar tafiya.

Baƙo: Ya samu tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba, ya binne ta har wuya kusa da shukar, ya cika ta da ruwa ya rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa gwargwadon bushewar ƙasa. Tsohuwar dabara ce, an rubuta ta a ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Mai gabatarwa: Amma za ta kai sati biyu?

Baƙo: To... ya danganta da girman tukunyar da zafin gari. Ya dai yi wa maƙwabci magana.

Mai gabatarwa: Ka ji, ka gyara tsakaninka da maƙwabta. Wani yana son dasa ceɗiya jikin katanga don inuwa.

Baƙo: Kada ya soma. Saiwar dangin ceɗiya da durumi tana ɗaga daɓe, tana bin bututun ruwa. Ƙaramin fili, ƙaramar bishiya.

Mai gabatarwa: Mai tambaya a kan ciyawar roba, wannan ni zan amsa: ban sonta. Rana in ta dake ta, ko taka ta babu takalmi ba ka iyawa, ga wanki in ƙura ta cika ta. Ra'ayina ne dai. Malam, ƙasar laka, a zuba mata yashi?

Baƙo: Ɗan yashi kan ƙara mata tauri ne. Ruɓaɓɓen taki za a yi ta zuba mata, shekara bayan shekara.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. Wata uwa mai ƙananan yara tana son dasa furen kariya, don ta ji ba ta shan ruwa.

Baƙo: Gaskiya ne, ga fure mai kyau, amma ruwan jikinta dafi ne. Ta sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, ko ta haƙura sai sun girma. Kuma farantan da ake sawa ƙarƙashin tukwane a riƙa zubar da ruwansu duk mako, don sauro cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai.

Mai gabatarwa: Ga injiniya can yana ɗaga mini hannu. Mai wasiƙar shafi huɗu a kan kajin maƙwabci da suke tone masa fure, mun gani, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode. Masu sauraro, a huta lafiya.