Sharhi: Su wa ake kira idan za a yi maganar taki da gado?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya saba kunna rediyo a Bauchi, ta jiha ce ko ta tarayya ko masu zaman kansu, ya san yadda aka raba fili. Mata na da shirinsu, sau ɗaya ko biyu a mako, galibi da hantsi. A nan za a koyar da yadda ake kwaɓin masa ta tashi, da gyaran jiki, da haƙuri da maigida, da zama da kishiya. Shiri ne mai amfani, ba wanda ya ce a soke shi. Amma da zarar an zo kan farashin taki, ko kasafin kuɗin jiha, ko rikicin manoma da makiyaya, sai a jera maza uku a ɗakin watsa shiri: Malam wane, Alhaji wane, Kwamared wane. Har ranar da za a tattauna mutuwar mata wajen haihuwa, sau da yawa maza ne ke ta bayani, ungozomar da ta tsufa tana karɓar haihuwa kuwa tana gida tana sauraro, tana girgiza kai.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani bincike na duniya da ake maimaitawa duk bayan shekara biyar tun 1995, wanda ke ƙirga su wa ake ji, su wa ake gani a cikin labarai. A karon farko mata kashi 17 ne cikin ɗari. A 2020 sun kai kashi 25. Shekara ashirin da biyar ke nan, ƙarin kashi takwas kacal.

In ka tambayi masu shirya shirye-shirye, amsarsu a shirye take: mata ba sa son magana, ko an gayyace su ba sa zuwa, maigida ba zai bari ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shirin da ake yi kai tsaye ƙarfe tara na dare, wace matar aure ce za ta hau acaɓa daga Yelwa ko Gwallameji ta zo, ta koma gida sha ɗaya saura? Wadda kuma ta daure ta yi magana, ko a rediyo ko a Facebook, ta san abin da ke jiranta. Ba hujjarta za a duba ba. Za a tambaya ina mijinta, a ce ba ta da mafaɗi, a tono aurenta na baya. Namiji zai faɗi shirme a wuce, mace ta faɗi gaskiya a kwana ana zaginta. To amma waya fa? Naɗar murya da rana fa? Gidan rediyon da ke iya kiran ɗan siyasa yana Abuja ko Dubai ya sa shi a layi, ba zai kasa kiran malamar asibiti a Ningi ba.

Asarar kuma ta mai sauraro ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Dass, Tafawa Ɓalewa da Bogoro, mata na cikin gona tun daga shuka har girbi. A Azare, Misau da Jama'are, inda da yawa ke cikin kulle, bayan katangar nan masana'anta ce: a soya gyaɗa a matse mai a yi ƙuli-ƙuli, a turara shinkafa, a dafa daddawa, a yi kiwon ragon da za a sayar da layya, a zuba adashi. Lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kafin masana su gama lissafi mai ƙosai ta riga ta sani, domin kuɗin markaɗe ya tashi, kwalbar mai ta tashi, yaron da ke kai mata wake daga kasuwar Muda Lawal ya ce kuɗin mota ya ƙaru. Idan ana neman wanda zai bayyana wa jama'a yadda tsadar rayuwa ke cin gida, ita ce shaida ta farko. Ba a kira ta ba.

Idan magana ta kai nan, sai a ɗauko addini a ce shi ya hana. A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin addini ba abin wasa ba ne, kuma ba mayafin da za a lulluɓe son rai da shi ba ne.

Wannan gari da muke zaune, Malam Yakubu ne ya kafa shi, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓo tuta daga hannunsa, kamar yadda Buba Yero ya karɓo ta Gombe. To me Shehun ya ce game da mata? A cikin littafinsa Nurul Albab ya caccaki malaman zamaninsa da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san ko hukuncin alwala da salla ba. Ya kuma gargaɗi mata kada a yaudare su da cewa biyayyar miji ita kaɗai ce hanyar tsira, alhali ba a koya musu biyayya ga Allah da Manzonsa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajjai, wato malamai mata masu jagoranci, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ba daga Turai aka aiko mata da wannan tsari ba.

A koma can asali. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, an ruwaito hadisai sama da 2,000 daga gare ta, manyan sahabbai maza suna zuwa tambayarta. Ranar Hudaibiyya, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski, shawarar Ummu Salama ce ta warware lamarin. A cikin Bukhari akwai hadisin da mata suka ce wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana, ya kuwa ware. Akwai sura guda a Alƙur'ani, Mujadala, da ta buɗe da labarin matar da ta kai ƙarar mijinta, Allah ya ce ya ji maganarta. Kuma da aka tambayi Nana A'isha me Annabi ke yi a cikin gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wannan hadisin, a gaskiya, ba ya samun kasuwa a majalisar shayi.

Ba wanda ke jayayya cewa Musulunci ya ɗora wa namiji shugabancin gida. Aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta faɗa, ta kuma haɗa shi da ciyarwa. Sai dai a yau gida nawa ne a Bauchi tukunyarsu ke hawa wuta da kuɗin ƙuli-ƙulin uwargida ko tallan 'yar shekara goma? Shugabancin ana riƙe da shi gam, ciyarwar an sake ta.

Inda abin ya fi muni shi ne gado. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce maza na da rabo, mata na da rabo, kaɗan ne abin da aka bari ko mai yawa, rabo ne yankakke. Aya ta 11 da ta 12 suka fayyace: 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Mutane kan tsaya gardama a kan rabin nan, wasu na suka, wasu na karewa, alhali a ƙauyukanmu da yawa ko rabin ba ya isa hannunta. Uba zai rasu, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sai babban wa ya ce gona ba a raba ta, a bar ta gandu. Ƙanwa ta buɗe baki a ce mata, ke da kike gidan miji me za ki yi da gona? Da kaka a aika mata da kwano biyar na dawa a ce ga albarkar gonar Baba. Shekara goma, ashirin, har gari ya iso wurin, a yanka filaye a sayar, ita ko labari ba ta ji ba. In ta kai ƙara kotun shari'a, ita ce mai raba zumunci. Wanda ya cinye haƙƙinta kuwa yana sahun gaba a masallaci, alhali ayoyin da suka biyo bayan rabon gado sun kira shi iyakokin Allah, sun yi wa mai ƙetare su alkawarin wuta. Muna roƙon malamanmu masu tafsirin azumi, da girmamawa: lokacin da ake ba wa tsawon hijabi da kwalliyar 'yan mata, a ba wa gonar marainiya ko da rabinsa.

'Yan'uwanmu Kirista ma ba su tsira daga wannan ba. Kowa ya san ƙarfin Zumuntar Mata a cocin ECWA da COCIN, daga Bogoro har Billiri da Kaltungo: su ne waƙa, su ne gudummawa, su ne ziyarar marasa lafiya. Amma a gidaje da yawa al'ada ta hana 'ya mace gadon ƙasa. Littafin Ƙidaya sura 27 ya kawo labarin 'ya'yan Zelofehad mata, da suka tsaya gaban Musa suka nemi gadon ubansu, aka ce sun yi gaskiya, a ba su. A 2014 kuma Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar iyalan Ukeje, ta yanke cewa al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki.

Siyasa ba sai an daɗe a kanta ba. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Yau su ne ke cika layi ranar zaɓe, amma majalisar dokokin Bauchi mai kujera 31, zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya cikinta ba. Majalisar Dattawa mai kujera 109, mata huɗu. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Abin da jam'iyyu suka ware musu shi ne kujerar shugabar mata, mai rabon atamfa da taliya. Kuma ba rashin masu iyawa ba ne. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa, 'yar jihar Gombe, ita ce mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga 2014 zuwa 2020. Amina Mohammed, ita ma 'yar Gombe, tana riƙe da muƙamin mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. A aikin jarida, marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta rasu a turmutsitsin Mina na 2015, ta yi editan Sunday Triumph da New Nigerian tun shekarun 1980.

Gyaran majalisa sai an jira zaɓe, sai an kai ruwa rana da jam'iyyu. Na gidan rediyo kuwa ba ya buƙatar doka ko kasafi. Edita ya buɗe littafin lambobin wayarsa ya ƙirga mata nawa ne a ciki. Akwai malamai mata a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ta jiha da ke Gadau, akwai lauyoyi da likitoci, akwai malaman Islamiyya na FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi da ke aiki tun 1985, akwai shugabannin ƙungiyoyin manoma mata. A kira su kan taki, kan haraji, kan tsaro, ba ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, kaɗai ba. In za a yi shirin amsa tambayoyin gado, a zaunar da malama kusa da malam, domin akwai tambayar da bazawara ba za ta iya yi wa namiji ba a bainar jama'a. A kuma faɗa wa mai sauraro a fili, da Hausa da Fulatanci da Zar da Jaranci, cewa macen da aka hana wa gadonta na iya zuwa kotun shari'a da ƙafarta ta shigar da ƙara, ba sai ta ɗauki lauya ba.