Rafin da Birnin Seoul Ya Tono, da Abin da Ya Shafi Jakara

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, jawabina na yau ya shafi wani rafi da ya ratsa tsakiyar Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, wanda ake kira Cheonggyecheon. Bayan yaƙin Koriya, talakawa sun kafa bukkoki a gaɓarsa, ruwan ya cika da shara da najasa, har hukuma ta ga babu mafita sai a rufe shi. Daga shekarar 1958 aka fara danne shi da kankare, daga bisani aka ɗora gadar sama a kansa, wadda aka kammala a 1976.

A watan Yulin 2003 magajin garin, Lee Myung-bak, ya sa aka fara rushe gadar, aka fasa kankaren, aka fito da rafin mai tsawon kusan kilomita 6, aka buɗe shi ga jama'a a 2005. Masu ziyara kan yaba da fitilu da wuraren zama da yaran da ke tsoma ƙafa cikin ruwa, amma a ganina babban aikin yana inda ido ba ya gani. An shimfiɗa manyan kwalbatoci a gefe biyu domin su tare ruwan datti na gidaje da kasuwanni kafin ya faɗa cikin rafin, sannan an gyara tsarin motocin bas na birnin a 2004, domin wanda aka rushe wa hanya dole a samar masa wata.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba. Rafin ba ya gudana da kansa a yawancin shekara, da injina ake turo masa ruwa kullum, kimanin tan 120,000 a rana a shekarun farko, mafi yawansa daga kogin Han, kuma wannan kuɗin lantarki ne da ba ya yankewa. Idan an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwalbatocin kan tumbatsa, dattin ya koma cikin rafin, kifaye su mutu. 'Yan tireda da aka tasa daga wurin ma sun daɗe suna kokawa.

Dalilin kawo wannan misali shi ne Jakara, rafin da ya ratsa birnin Kano. A Kano an bi hanyar da Seoul ta fara bi, wato rufe rafin a yi titi a kansa, aikin da muka sani da Wuju-Wuju. Ba na musun cewa mazauna gaɓar sun sha wari da sauro da ambaliya, kuma suna da haƙƙin a raba su da wannan. Sai dai rufewa ba ta tace ruwa. Dattin yana nan yana gangarawa, ya haɗu da na masana'antun Bompai da rafin Getsi ke ɗaukowa, ya nufi madatsar Wasai, kuma a kan hanyarsa masu lambu ke jan sa su shayar da latas da kabejin da ake kawowa kasuwannin birni.