Ku kifa akwatin tukuna: lacca kan tsofaffin akwatunan sassaƙa

An gabatar da ita a Sakkwato, aka rubuto ta daga faifai.

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata da ke nan gaba, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana kan tsofaffin akwatunan itace masu sassaƙa, irin waɗanda mata ke ajiye awarwaro da 'yan kunne da murjani a ciki. Abu huɗu na shiryo: inda suka fito, itacen da aka yi su da shi, yadda ake gane tsoho, sai yadda ake adana shi.

Na farko ba zan daɗe ba. Mu nan da fata aka san mu, jar fatar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko. Kakanninmu mata batta suke da ita, da tandun kwalli. Masassaƙanmu kuwa gungume guda suke ɗauka su fafe shi da gizago, su fitar da turmi ko akushi ko kujerar tsugunno. Haɗa alluna shida a yi murfi da makulli, wannan aikin kafinta ne. Saboda haka mafi yawan ƙananan akwatunan da ke ɗakunan iyayenmu baƙi ne, da yawansu kuma tsarabar Makka ce. Amma Makka kasuwa ce kawai, ba can aka sassaƙa su ba. Masu furanni da ganye cike da jiki, galibi daga Saharanpur ta Indiya suke ko Chiniot ta Pakistan. Na Kashmir da itacen walnat ake yin su, sassaƙarsu mai zurfi. Masu zanen taurari da aka jera da ƙananan gutsattsarin itace da ɓawon dodon-koɗin teku mai walƙiya, aikin Sham ne da Masar. Manya masu ƙanshin kafur, na Sin ne. In kuma kuna son sassaƙar gida Najeriya mai zanen kusurwoyi, sai ku nufi Bida wurin Nufawa.

Na biyu, itace. A'a, bari in tsallaka zuwa gane tsoho, don shi ne ya kawo ni, itacen zai shigo da kansa.

Ga akwati a hannuna. Kowa a ɗakin nan murfin yake kallo, na gan ku. To murfin akwati amarya ce ranar buɗar kai, an yi mata kwalliya don a kalla. Mai son gaskiya ya kifa shi ya duba gindi. Ku kifa shi! In ba ku tafi da komai daga laccar nan ba, ku tafi da wannan. Gindi ba wanda ke yi masa kwalliya, har mai algus ma yakan manta da shi.

Me za ka gani a gindin? Itace yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi har abada, ko an shekara ɗari da sare shi. In ya bushe yakan tsuke, amma ta faɗi yake tsukewa, ta tsawon jijiya kusan ba ya motsi. Saboda haka tsohon allon gindi za ka tarar ya ja da baya ta gefe biyu ya bar 'yar kafa, sauran gefe biyun kuwa suna nan daram. In ya tsage, tsagar jijiya za ta bi. Akwati mai zagayayyen murfi ma, in ya tsufa sai ka ga da'irar ta ɗan karkace, murfin ya fi shiga ta wani gefen. Mu kuwa nan mun fi kowa ganin wannan, don akwatin da aka yi a ƙasa mai danshi, hunturu ɗaya na Sakkwato ya isa ya sa shi magana. Wasunku sun taɓa jin katako ya yi ƙara da dare a watan Janairu. Ba aljanu ba ne, Hajiya, itace ne ke tsukewa. (Dariya)

In ka kifa ka ga gindin katakon nan ne mai hawa-hawa da ake mannewa da gam, to ko dai akwatin ba tsoho ba ne sosai, ko an sauya masa gindi. Sai ka duba sukurun da suka riƙe ƙarfen murfi. Mai tsaga biyu a gicciye, mai kan tauraro, sai a shekarun 1930 ya fito. In mai sayarwa ya rantse maka cewa tun kafin Turawa su shigo Sakkwato a 1903 akwatin yake, ga shi kuwa da irin wannan sukuru, ba kuma alamar wani tsohon rami kusa da shi, ka yi masa sallama da mutunci. Alamar tsohon rami na da muhimmanci, don gyara ba laifi ba ne, tsohon kaya dole a taɓa gyara shi.

Har yanzu muna gindi. Ramukan ƙwaro. Masu algus sukan huda da ƙusa don a ce tsoho ne. Ramin ƙusa miƙewa yake yi sambal, ƙwaro kuwa ba ya tafiya a miƙe. Sa allura, za ka ji ta tokare nan kusa don hanyar ta lanƙwashe. Sannan launi. Gindin tsoho ya yi duhu da kansa, ƙafafunsa sun side wurin ja a kan daɓe. Wanda aka shafa wa man goge takalmi, jiƙa farin ƙyalle ka murza, baƙin zai biyo ka.

Sai bayan nan ka juyo da shi ka buɗe, ka sa hanci. Kafur ba ya ɓuya, sandal ma haka, ga ƙanshin turaren mai shi da ya kama itacen. In ƙanshin gam da fenti ya buge ka, ka san jiya-jiya ne. Yanzu ne ka cancanci kallon murfi. Zaɓi fure biyu da ya kamata su zama iri ɗaya ka gwada su. Hannun mutum ba ya maimaita abu daidai wa daida, inji ne ke yin haka. Kuma gogewar tsufa tana inda yatsa ke taɓawa, bakin murfi da kewayen makulli. In ka ga an goge ko'ina har cikin lungun sassaƙa, sanfefa ce ta bi wurin.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? Itace dai na ce zai shigo. Namu na gida da suka dace da sassaƙa su ne maɗaci da ƙirya da kanya da madobiya. Madobiyar nan kuwa an yi mata kisan gilla, an kwashe ta daga dazukan Taraba da makwabta ana lodinta zuwa Sin, har yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Masu tunanin sayarwa waje kuma, 'yan kasuwar kayan tarihi sai abu ya kai shekara 100 suke kiransa tsohon gaske, dokarmu ta 1979 kuwa ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fita da shi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Adanawa: kada fenti, kada man sheƙin kafinta, kada wanki da ruwa. Ɗan kakin zuma da ƙyalle mai laushi ya isa. Shugaba yana nuna mini agogo. Na'am, Hajiya?

Wata daga cikin mahalarta: Malam, nawa na gāda wurin kakata, amma kullum in na ɗaga sai in tarar da gari a ƙarƙashinsa.

Garin fari ne kamar na dawa, ko ya yi duhu? Fari? To Hajiya, ƙwaron yana nan da ransa, yana ci. Yau ɗin nan ki raba shi da gado da kabad. Ki kwashe kayan ciki, ki sa shi a leda mai kauri, ki matse iskar ki ɗaure tam. Gidajen tarihi sanyi suke sa wa: firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, kamar mako biyu, in an fitar kuma a bar shi cikin ledar kwana guda kafin a kwance, don raɓar ta sauka a kan leda. Na san abin da za ki ce, wuta. (Dariya) Sai ki roƙi mai sayar da ƙanƙara da ke da sola. Zafi ma yana kashe su in cikin itacen ya kai digiri 55, kuma baƙar leda a ranar Afrilu tana iya kaiwa, amma in naki mai jeren ɓawo ne kada ki gwada, gam ɗin zai saki. Kananzir kuwa na ji wani ya faɗa daga baya, a'a Alhaji, warinsa zai kama itacen ya kashe ƙanshin turaren kakarta. Ki kawo mini shi bayan Magariba in kifa shi in gani.