Tsohon da ya kusa shekara 50 yana bin diddigin shugaba ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wayar a maƙale take jikin gilashi, hannuna biyu na kan sitiyari, na faɗa ne saboda Hajiya tana kallon bidiyon nan kar ta bugo min waya da faɗa. Toh ku dubi gabana, wannan gosulon da kuke gani shine Cross Bronx, titin da nake bi kusan kullum, manyan tireloli ne hagu da dama ga hayaƙi, wani lokacin sai ka yi rabin awa ba ka ci kilomita biyu ba. Na yi shekaru ina tsaki a kan titin nan ban taɓa tambayar wa ya yi shi ba, sai ranar da na ɗauki wata tsohuwar Baturiya, muna cikin cunkoso irin wannan ta nuna ƙasa da yatsa ta ce gidan da aka haife ta yana nan ƙarƙashin kwaltar da muke kai. Ita ce ta fara faɗa min sunan marubuci Robert Caro, yau kuma gidan tarihin da aka ajiye kayan aikinsa zan kai ku.

Shi dai Caro ɗan Niyok ne, 1935 aka haife shi, ku lissafa shekarunsa da kanku. Ya gama jami'ar Princeton a 1957 ya shiga aikin jarida, ya zo ya yi aiki a jaridar Newsday, a can ne wani editansa Alan Hathway ya ba shi shawarar da ta zame masa kamar wuridi, wai in ka samu tarin takardu ka buɗe kowane shafi, kar ka ɗauka ka san abin da ke ciki. Littafinsa na farko The Power Broker kan Robert Moses ne, mutumin da ya shimfiɗa titin nan da gadoji da wuraren shaƙatawa, sama da shekara 40 yana juya Niyok kamar waina a tanda alhali ba a taɓa zaɓensa ko kansila ba. A unguwar East Tremont kaɗai, cikin mil ɗaya, an rushe matsugunin iyalai sama da 1,500, Caro ya bi mutanen da aka tasa ɗaya bayan ɗaya ya zauna da su. Ya yi tsammanin 'yan watanni zai yi ya gama, sai da ya ci shekara bakwai, kuɗi suka ƙare ƙarƙaf har matarsa Ina ta sayar da gidansu suka dawo haya nan Bronx ɗin namu. Littafin ya fito 1974 ya ci Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka. Ni ban karanta shi a takarda ba gaskiya, saurara na yi a mota, sama da awa 60, fasinja na sauka ina kunnawa.

Yauwa mun iso, na samu fakin da ƙyar. Nan ne gidan tarihi na New York Historical, ga Central Park can tsallaken titi. Su suka karɓi takardunsa a 2020. Bari in rage murya.

Ku ga wannan, tafireta ce Smith-Corona mai lantarki, irin wadda masu buga takardar koke ke amfani da ita a bakin kotu da muna yara. Mutumin nan da hannu yake fara rubutu a kan dogayen takardu sannan ya buga da irin wannan, ba ya rubuta littattafansa da kwamfuta, kuma kwat da nakatai yake sawa ya tafi ofis alhali shi kaɗai ne a ofishin, wai don ya tuna wa kansa aiki ya zo yi. Abin da ya fi ba ni dariya, in yana hira da mutum ya ji bakinsa na ƙaiƙayi sai ya rubuta haruffa biyu a littafinsa, ma'anarsu rufe bakinka, ya yi gum har mutumin ya gaji da shirun ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Wallahi da wasu masu hirarmu a rediyo za su ari wannan da mun huta.

Toh babban aikin Caro shine tarihin rayuwar Lyndon Johnson, shugaban Amurka na 36, wanda ya hau bayan an harbe Kennedy a Dallas a 1963 ya sauka 1969. Juzu'i huɗu sun fito, 1982, 1990, 2002 da 2012, na ukun ya sake kawo masa Pulitzer, na biyar har yanzu da nake ɗaukar bidiyon nan ana jira, editansa Robert Gottlieb da suka fara tare tun littafin farko ya rasu 2023 bai ga ƙarshensa ba.

Wurin da ya kama ni shine ƙauyukan tuddan Teksas inda Johnson ya tashi. Caro ya je yana tambaya mutane suna ba shi labarin sama-sama don sun ga baƙo ne ɗan birni, sai kawai suka tattara shi da Ina suka tare can kusan shekara uku, har tsofaffin matan suka saki jiki. Wata ta kai shi bakin rijiya ta jefa guga ta ce ja ka ji, suka nuna masa yadda ɗaukar ruwa ya ranƙwafar da kafaɗunsu tun da sauran ƙuruciya, ga wanki da hannu ga dutsen guga na ƙarfe da ake ɗorawa kan murhu cikin zafin bazara. Ranar da na ji wannan babin sai da na gangara gefen titi na tsaya, saboda tafin hannun kakata na gani, yadda igiyar guga ta yi masa kanta a ƙauyenmu can Katsina. Ban taɓa kawowa a raina akwai Turawan Amurka da suka yi wannan rayuwar a shekarun 1930 ba. Johnson yana ɗan majalisa matashi shi ya yi fafutuka har aka ja musu wuta.

Amma fa Caro bai yi masa waƙar yabo ba. Shi ne ya bi zaɓen fidda gwani na kujerar sanata na 1948 da Johnson ya ci da ratar ƙuri'a 87 kacal, akwati mai lamba 13 da aka ƙara wa ƙuri'u bayan an gama zaɓe, ya nemo jami'in zaɓen Luis Salas yana tsoho ya ji daga bakinsa yadda aka yi aringizon. Mu da muka san maguɗi ai ba sai an yi mana fassara ba. Johnson ɗin da ya yi wannan kuma shi ya sa hannu a dokar 'yancin baƙaƙen fata ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, shi ya sa hannu a dokar shige da fice ta 1965 da ta soke tsarin da ke fifita Turawa wajen shigowa ƙasar nan, shi ne kuma ya dulmiya Amurka a yaƙin Biyetnam. Abokina Bazabarme da muke shan shayi tare cewa yake ɓarawon ƙuri'a ɓarawo ne ko ya gina masallaci, ni kuma na kasa yanke hukunci cikin sauƙi haka, mun yi musun nan ya fi sau biyar.

Kai, ashe lokacin fakin ɗina saura minti shida, tarar garin nan kuwa ba wasa ba ce. Bari in ƙara haska muku gyare-gyaren da ya yi da hannu a wannan shafin, ku ga yadda ya soke layi ya sake ya kuma sokewa, sannan in ruga. Wanda yake Niyok yana son mu dawo tare ya yi min magana a ƙasa, sai mun haɗu.