Darasi: Kafin ka taɓa BIOS ɗin madabod

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da war haka. To, yau kan BIOS za mu tsaya, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows ta shigo. Ku dubi nan a kan madabod, wato babban bod ɗin da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, kusa da batirin nan mai kama da kwabo. Wannan ɗan cif mai ƙafa 8, a cikinsa take zaune, galibi megabait 16 ko 32.

Sabunta BIOS da fayil ɗin kamfani abu ne mai sauƙi. Kowane kamfani da manhajarsa ta sabuntawa: ASUS na da EZ Flash, Gigabyte na da Q-Flash, MSI na da M-Flash. Ka sa fayil a filas mai tsarin FAT32, ka tabbatar lambar bod ɗin ta yi daidai da ta fayil ɗin, har da lambar bugunsa (revision), shi ke nan. Sai dai in kana da BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan diski, ka dakatar da shi tukuna, ko ka ajiye makullinsa a hannu.

Inda ake shiga haɗari shi ne gyaran fayil ɗin da kanka. Wani ya ɗauki manhajar UEFITool ya cusa abin da zai sa tsohon bod ya tashi daga NVMe, wato ma'ajiyar SSD mai sauri, wani ya buɗe ɓoyayyun saituna da manhajar AMIBCP. Ana yi kuma yana aiki. Amma fayil ɗin da aka taɓa ya rasa sa hannun kamfani, don haka sau da yawa manhajar kamfanin za ta ƙi shi, sai mutum ya koma tilasta rubuta shi a cif da manhajar AFUWIN ko FPT. Kuskure ɗaya, ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, fanka za ta riƙa juyawa amma allo baƙi ƙirin. A kwamfutar da ke da Intel Boot Guard kuwa, wato tsaron da ke tantance BIOS kafin ta tashi, in ka taɓa sashen da aka kulle, ba za ta tashi ba sam.

Don Allah ku saurari wannan da kyau. Kafin komai, kwafo abin da ke cikin cif ɗinka. Karanta shi sau biyu, ka gwada kwafin biyu ka ga sun zo iri ɗaya, sannan ka adana a wani wuri daban. A cikinsa ne sau da yawa ake samun lambar na'urarka, adireshin MAC (lambar da ake gane na'urar da ita a netwok), har da lasisin Windows. In ka zuba fayil ɗin wani, naka sun tafi.

Idan bod ya riga ya mutu fa? Duba ko yana da maɓallin Flashback a baya, wanda ke sake rubuta BIOS daga filas ko da kwamfutar ba ta tashi ba. In babu, sai CH341A, wato ɗan abin da ake karanta cif da rubuta shi kai tsaye, da maƙalinsa. Amma karanta lambar da ke jikin cif ɗin tukuna, domin wasu bolt 3.3 suke ɗauka, wasu 1.8, kuma na 1.8 sai da adafta, in ba haka ba ka ƙona shi. Bari in matso da kyamara ku ga yadda ake daidaita jar wayar maƙalin da ɗigon ƙafar cif ta farko.