Jawabin maraba ga Mai Girma Ministan Tsara Birane da Gidaje a birnin Tahoua

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Tahoua, shugabannin birni, iyayenmu sarakuna Allah ya ja zamaninku, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a, assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Daga Yamai zuwa nan ya haura kilomita 500, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma mun san aiki ka baro jibge ka taho. Adar, wato wannan ƙasa tamu ta Tahoua, ta gode. Masu unguwanni da magina da ƴan kasuwar wannan gari ne suka ɗora mini nauyin yi maka maraba, suka kuma ce kada in tsaya a gaisuwa kawai, tunda Allah ya kawo mana mai abin har gida.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen birnin Tahoua sun kusa dubu 150. Ita ce kuma ta nuna al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wato kafin shekara 20 ta cika mun ninka. A kan haihuwa sai a ƙara mutanen ƙauye da ke shigowa duk shekarar da damina ba ta yi kyau ba, da ƴan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a arewacin jiha. Duk wanda ya zo namu ne, ba mai korar kowa. Damuwarmu ita ce yadda garin ke girma. Faɗi kawai yake yi, yana cin gonaki ta kowace kusurwa, alhali cikinsa cike yake da kangaye.

Manomi zai je gonar da ya gada, karan hatsin bara bai ma gama ruɓewa ba, ya tarar masu awo sun kafa turakun siminti, an ce lotisma, wato yanka ƙasa filaye-filaye don gina gidaje, ta iso. A ba shi ƴan parsel, wato filayen gida, a matsayin diyya, ya sayar da ɗaya ya aurar da ɗiya, ya sayar da ɗaya ya sayi hatsi, kafin ka ankara ba gona ba kuɗi. Wanda ya saya kuwa sau da yawa ɗanmu ne da ya tafi biɗa Abijan ko Libiya. Ba mu ga laifinsa ba, gumin goshinsa ne, kuma ƙasa ce ajiyar da ya fi amincewa da ita. Sai ya zagaye filin da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya koma. Shekaru su shuɗe ba a aza ko bulo ɗaya ba, filin ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Mai neman wurin zama na gaskiya kuma, malamin makaranta ko tela ko mai tireda, dole ya tsallake waɗannan filaye duka ya je can bayan gari inda kuɗinsa zai iya.

Can ɗin kuwa, ranka ya daɗe, ba famfo, ba wuta, ba hanya. Ka tsaya da hantsi ka ga mai ga-ruwa yana tura kura cikin rairayi, taya ta nutse, ya sauke jarkoki biyu ya ja, ya dawo ya ɗauka. Matar da za ta sayi ruwan nan ta fi mai famfo a tsakar gida biya, ga shi ita ce mai ƙaramin ƙarfi. Idan naƙuda ta tashi cikin dare, neman kabu-kabu ma aiki ne. Hukuma ita ma tana ji a jikinta, don bututun ruwa da turakun wuta da kwalta duk da tsawo ake biyansu. Kilomita ɗaya da za ta wadatar da gidaje masu yawa a unguwar da ta cika, ita ce za a shimfiɗa don gidaje ƙalilan a unguwar da rabinta kango ne. Babu baitulmalin da zai iya bin gari yana gudu haka.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yamai ba ta wuce mutum kusan dubu 30 ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, amma a 2012 ta haura miliyan ɗaya. Tun 1965 aka fara dasa mata zoben itatuwa don ya tare ƙura da iska, yau an yanka sassa da dama na wannan daji an yi gidaje. A watan Satumban 2020 kogin Kwara ya ɓalle shingen Lamorde, ruwa ya mamaye unguwannin hayin kogi, mutane suka kwana a makarantu. Mu ba mu da kogi, amma muna da koramu da tabkuna, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa. Daminar 2024 ta nuna wa ƙasar nan baki ɗaya abin da ke faruwa idan aka yi gini a magudanar ruwa.

Don haka roƙonmu na farko shi ne a cike cikin gari kafin a ƙara taɓa gona. A ƙidaya filayen da aka yanka aka bari, a ba masu su wa'adi mai sauƙi da rangwamen kuɗin takardun gini, wanda ya gina ya ga amfanin ginawa, wanda ya ƙi kuma harajin filinsa ya ɗan ƙaru. Kada a sa hannu kan sabuwar lotisma sai an san ta inda ruwa da wuta za su bi, an ware filin makaranta da likita da kasuwa, an kuma tabbatar ba za a dawo daga baya a yanka su a sayar ba.

Sai maganar bene, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don na san abin da ke ran iyayenmu da ke zaune a nan. Mutumin Adar ba ya ƙin bene don ƙauyanci. Tsoronsa sutura. Tsakar gida ita ce ɗakin mace, nan take daka, nan take girki, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana idan zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40. Idan maƙwabci ya ɗora hawa ya buɗe taga tana kallon wannan tsakar gida, ya shiga haƙƙin mutane, kuma wannan ƙorafi gaskiya ne. Amma gyaransa a zane yake. Taga ta fuskanci titi ko tsakar gidan mai ita, katangar rufin sama ta yi tsawon da za ta rufe mutum, kowane iyali ya samu ɗan filinsa na shan iska. Ba dogayen benaye irin na Abijan muke nufi ba. Hawa ɗaya ko biyu a bakin manyan tituna, shaguna a ƙasa, iyali a sama, ya isa ɗa ya yi aure ya zauna kusa da mahaifinsa maimakon a tura shi bayan gari.

An ma riga an gwada. A unguwar Niamey 2000, ɗiyar ƙasar nan Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala wasu gidaje a 2016, masu hawa, a jere jikin juna, da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kowanne da tsakar gidansa da suturarsa. Ita ce kuma ta yi aikin sabon masallaci da ɗakin karatu na Dandaji, a nan jiharmu. Kafin ita akwai Alhaji Falke Barmu, wanda ya fara gina masallacin Yama a 1962 da laka, har ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ita ma ƙasa ce. Saboda haka duk mai cewa ƙasa ba ta ɗaukar hawa, ya je Yama ya gani da idonsa. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi, wannan kowace tsohuwa ta sani. Abin da yake buƙata shi ne tushe mai ƙarfi na dutse ko siminti, da indararo mai kyau, da yaɓe a kan lokaci. Faɗuwar tsohon masallacin Zinder a daminar 2024 ta girgiza mu duka, ta kuma tuna mana cewa ginin ƙasa ba ya son sakaci. Dutse muna da shi a Adar har ya yi yawa, siminti ga Malbaza a kusa. Muna roƙon ma'aikatarka ta fitar da ƙa'idar irin wannan gini a rubuce, ta horar da maginanmu, ta kuma fara da kanta wajen gina azuzuwa da ofisoshi, don talaka ba zai yarda da tubalin ƙasa ba muddin yana ganin gwamnati na gudunsa.

Itatuwa kuma ba sai mun yi dogon bayani ba. Jihar da ta ga abin da aikin farfaɗo da ƙasa da dashen itatuwa na Keita ya yi tun daga 1984, da layukan dogon yaro na kwarin Majiya, ta san darajar inuwa. A sa dashe cikin sharuɗɗan kowace sabuwar unguwa, a bar bakin koramu fili.

Mun gode da abin da bikin ranar Jamhuriya na 2017, wato Tahoua Sakola, ya kawo mana na tituna da gine-gine. Abin da ya rage shi ne taswirar ci gaban gari wadda za a zauna da masu unguwanni da manoma da mata a tattauna ta da Hausa, a liƙa ta inda kowa zai gani, kuma sauyin shugabanni ba zai sauya ta ba. Tun ran gini ran zane.

Ranka ya daɗe, bayan wannan zama mun shirya kai ka wata sabuwar unguwa a gefen gari, sannan mu biyo ta tsoffin unguwanni ka ga filayen da muke magana a kai. Mata sun ce suna da tasu maganar, za su faɗa maka da bakinsu a can. Allah ya sa ka zo a sa'a, ya yi maka jagora a wannan nauyi, ya mayar da kai gida lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.